Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga fastoci da dattawan ekklesiyoyin jihar Gombe, daga wani mai kaɗa kibod

Iyayena fastoci da dattawa, iyayenmu na Zumuntar Mata, da shugabannin mawaƙa,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Yaya aikin Ubangiji, yaya iyali, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara muku ƙarfi.

Na san abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ban ɗauki alƙalami don in koya muku Littafi Mai Tsarki ba, ku ne kuka koya mini shi tun ina makarantar Lahadi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai kusurwa guda a cikin majami'a da na fi yawancinku sani, wato gefen bagade inda ake ajiye kibod da na'urar sauti. Shekara goma sha huɗu ke nan ina zama a wurin kowace Lahadi, a wata majami'a cikin garin Gombe. Daga wannan kusurwa nake so in gaya muku abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Ga yadda muke yi. In Baba Fasto ya kusa rufe wa'azi, sai ya ɗan ɗaga mini hannu. Ni kuma in ɗora yatsu a hankali, in saki wani sauti mai laushi mai tsawo, irin wanda ke shiga ƙirji ba tare da mutum ya lura ba. Mai ba da waƙa ta sassauta murya, ta maimaita layi ɗaya sau shida ko bakwai. A na huɗu mai ganga yake shigowa. A na shida mu ɗaga waƙar mataki ɗaya sama, yaron da ke kan na'ura ya ƙara sauti. Nan take hannuwa su tashi, wasu su fara hawaye, mai jagorar sujada ya ce, "Allah yana wurin nan! Kuna jin sa?" Jama'a su amsa da ƙarfi.

Iyayena, ni na san mintin da hakan zai faru tun kafin ya faru, domin mun gwada shi ranar Asabar da yamma. Ranar da aka ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, a ƙofa za ka ji ana cewa yau sujada ba ta yi armashi ba, Ruhu bai sauko ba. Wannan magana takan sa jikina ya yi sanyi. In saukowar Ruhu Mai Tsarki ta dogara ga litar fetur da yatsuna goma, to me muke kira da wannan suna?

Kada a ɗauka ina zagin kiɗa. Baiwar Allah ce, ita ce kuma aikina a gidansa. Dawuda ya kaɗa wa Saul garaya har ya sami sauƙi. Annabi Elisha da kansa ya ce a kawo masa makaɗi kafin ya yi annabci. Zabura 150 ta lissafa ƙaho da molo da ganga da kuge. Ba kuma na ce hawayen jama'a na ƙarya ne ba. Mutane suna zuwa da kaya masu nauyi a zuciya, waƙa tana taimaka musu su sauke. Sai dai tsikar jikin da ke tashi a wannan lokaci, na taɓa jin irinta a filin wasa na Pantami ranar da Gombe United ta ci ƙwallo ana dab da tashi. Na ji ta a wurin biki da aka shigo da amarya. Jiki ne, haka Allah ya halicce shi. Laifinmu shi ne mun koya wa jama'a cewa wannan tashin tsika shi ne shaidar Allah yana nan.

Bari in faɗi abin da ya buɗe mini ido, ko da yake ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ni da yayana muka saɓa a kan gonar gado a ƙauyenmu, can wajen Kaltungo. Ba wata babbar gona ba ce, ta dawa da gyaɗa ce, da ɗorawa biyu a bakin iyaka. Magana ta yi tsami har muka daina gaisawa. Shekara biyar. Majami'armu ɗaya: ina kan kibod, shi yana cikin masu zagawa da kwandon baiko. In ya zo layin mawaƙa sai ya miƙa kwando yana kallon bango, ni kuma in jefa kuɗi ina kallon ƙasa. Daga faranti ɗaya muke ɗaukar gurasar Jibin Ubangiji. Cikin shekarun nan biyar ba Lahadin da ba a ce mana Allah yana tsakiyarmu ba, ni kuma ina kaɗawa, wani lokaci har da hawayena. Ba wanda ya tare mu. Rabin majami'a sun san zancen.

Sai mahaifiyarmu ta kwanta ciwo da damina. Muka haɗu a ɗakinta ba don muna so ba, shi a bakin ƙofa, ni a gefen gado. Da la'asar mata uku na Zumuntar Mata suka shigo, zannuwansu a jiƙe, ƙafafunsu duk taɓo, daga gona suke. Babbarsu ta kai shekara saba'in. Ta kwance Littafi Mai Tsarki daga cikin leda, bangonsa ya rabu an ɗinke da zare. Suka yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, murya ba ta ma haɗu sosai ba. Ta buɗe Matiyu sura 5, tana bin layi da yatsa, tana karantawa kalma kalma kamar yadda masu koyon karatu da girma suke yi. Wurin nan ne da Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa.

Ta rufe littafin. Ba ta yi wa'azi ba, ba ta dube mu ba. Ta ce, "Mu yi shiru gaban Ubangiji."

Ban san tsawon shirun nan ba. Ruwa yana sauka a kan kwano, Mama tana numfashi da ƙyar. Abin da na ji ba daɗi ba ne ko kaɗan. Tsoro ne da kunya, kamar an yaye mini riga a tsakiyar kasuwa. Na san akwai Wanda yake cikin ɗakin nan, ya san kowace kalma da na faɗa a kan yayana, ya ji kowace waƙa da na kaɗa masa da wannan zuciya. Yayana ya tashi ya fita cikin ruwan. Na bi shi har ƙarƙashin rumfar awaki, na durƙusa, na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya kama ni ya ɗaga, ya kasa magana. Bayan kwana uku muka je gonar da kawunmu da igiya, cikin awa ɗaya aka gama abin da ya ci mana shekara biyar. Mama ta yi kwana goma sha ɗaya bayan haka, ta ga muna cin tuwo a kwano ɗaya kafin ta tafi gida wurin Ubangiji.

Da na koma Gombe sai na fara bin Littafi ina duba waɗanda suka sadu da Allah, in ga abin da ya same su. Ishaya ya ga Ubangiji a Haikali, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne kaitona, ni mai ƙazamin baki ne. Bitrus ya ga kifin da ya cika jirage biyu, ya fāɗi a gaban Yesu yana cewa ya rabu da shi, shi mai zunubi ne. Yakubu ya farka a Betel, dutse ne matashinsa, ya ce hakika Ubangiji yana wurin nan ni kuwa ban sani ba, tsoro ya kama shi. Zakka ya karɓi Yesu a gidansa, kafin a tashi ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A kan Dutsen Karmel annabawan Ba'al ɗari huɗu da hamsin ne suka yi ta ihu da tsalle tun safe har yamma, ba wanda ya amsa. Iliya ya yi addu'ar da ba ta fi ayoyi biyu ba. Shi ɗin kuma da ya gudu Horeb, iska mai fasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu. Sai da ya ji wata 'yar siririyar murya ya rufe fuskarsa da alkyabba.

Ayar da muka fi so a kan sujada ita ce Yohanna 4:24, cewa Allah Ruhu ne, masu yi masa sujada kuma dole su yi cikin ruhu da gaskiya. Muna rubuta ta a jikin bango, muna buga ta a takardar taro. Amma mukan manta abin da ya gabace ta a bakin rijiyar nan ta Samariya. Kafin Yesu ya yi wa matar zancen sujada, cewa ya yi ta je ta kira mijinta. Sai da aka taɓo gaskiyar zamanta, maza biyar da wanda take tare da shi yanzu, sa'an nan ta kawo tambayar ko a kan dutsen nan za a yi sujada ko a Urushalima. Mu kuwa mun riƙe "ruhu" mun fassara shi da zafin waƙa, "gaskiya" kuma mun bar ta a bakin ƙofa. Ni shaida ne mutum zai iya shekara biyar cikin zafin waƙa ba tare da an ce masa je ka kira ɗan'uwanka ba.

Ku kun fi ni sanin inda muka fito. A 1917 ne John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka sauka Kaltungo. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Kakanninmu na Tangale da Waja da Tula da Dadiya da Cham sun yi sujada a ɗakunan ciyawa, a kan kututture da bencin laka, wasu an kore su daga gida saboda sun bar tsafin iyaye. Da ECWA, ekklesiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafafunta a 1954, majami'u nawa ne ke da wutar lantarki? Da 'yan Sabon Rai, masu yawon bishara, suka riƙa shiga ƙauyuka a ƙafa da ganga da kacau-kacau, me suke da shi in ban da Maganar da addu'ar asuba? Ba sai mun je da nisa ba ma. A watan Janairu na 2012 'yan bindiga suka shiga majami'ar Deeper Life a nan Gombe ana cikin addu'a, suka kashe mutane. Ranar sabuwar shekara ta 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a ƙofar wata majami'ar ECWA ana cikin sujada. A shekarun nan sai an laluba mutum a bakin ƙofa kafin ya shiga, mata ba sa zuwa da jaka, motoci a nesa ake ajiye su. Duk da haka mutane suka yi ta zuwa, uwa ta goyo ɗa tana jan wani a hannu, ba ta da tabbacin za ta koma gida. Na kaɗa kibod kowace Lahadi a shekarun nan, na kuma san ba don ni suka zo ba.

Yanzu da Allah ya ba mu sauƙi, ku dubi yadda muke raba awa uku na sujada. Waƙa da rawa su ci awa guda da wani abu. Sanarwa ta ci rabin awa. Baiko sau uku, wani lokaci huɗu: na kullum, na gini, na godiya, na baƙon mai wa'azi. Karatun Littafi kuwa aya uku ko huɗu, cikin minti biyu, ana yi wasu na neman wurin zama. A zamanin Nehemiya, Ezra ya karanta Shari'a tun sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna fassarawa don kowa ya gane, jama'a suka yi ta kuka saboda abin da suka ji. Ina roƙonku, ku bari a karanta mana sura guda cikakkiya kowace Lahadi, a hankali, da bakin wanda ya iya karatu. A kuma karanta da harshen da tsofaffinmu ke ji. Ina ganinsu a layin baya in an juya Turanci, sai su sunkuyar da kai su jira a gama. Bulus ya ce gara ya faɗi kalmomi biyar da za su koyar da mutane da ya faɗi dubu goma da ba a fahimta. Wanda ya yi Hausa ko Tangale a mimbari bai rage wa kansa daraja ba.

Zancen sauti kuwa laifinmu ne mu na kusurwa, amma ku ne za ku iya tsawata mana. Mun ƙara lasifika har jama'a ba sa jin muryar kansu. Ku lura, da yawa sun daina waƙa, kallon mawaƙa kawai suke yi kamar an zo wasa. Akwai wani dattijo a majami'armu da ke zuwa da auduga a aljihu don toshe kunne. A kwanan addu'a kuma mu juya lasifika waje har ƙarfe uku na dare, alhali a bayan katanga akwai maƙwabci mai jinya, akwai jariri, akwai wanda zai fita aiki da asuba. Ƙaunar maƙwabci tana cikin dokoki biyu mafi girma, ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Ranar gidauniyar gini, a kira suna da adadi ta makirfo, mai dubu ɗari biyar a yi masa tafi da kiɗa, ni ne ma mai kaɗa masa. In an sauko kan masu ɗari biyar sai a ce su taso gaba ɗaya. Na ga gwauruwa ta fita ta ƙofar baya kafin a zo kansu, ba ta dawo ba sai bayan mako uku. Yesu ya zauna daura da wurin baiko a Haikali, wadda ya yaba ita ce mai 'yan kuɗi biyu na tagulla. In kakar zaɓe ta zo, a tashi dattawa daga kujerun gaba don ɗan takara da ya shigo a tsakiyar wa'azi, a ba shi makirfo, ya fita kafin addu'ar rufewa. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kwatanta wannan kamar marubucin yana zaune a cikinmu. Masu sayar da mai da ruwa da hankici da sunan shafewa kuwa, kun san su, kun kuma san abin da Bitrus ya gaya wa Siman a Samariya da ya kawo kuɗi yana neman baiwar Allah.

Amma abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru wata yarinya ce cikin matasanmu, ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba. Bayan sujada ina naɗe wayoyi ta tsaya a gefena, ta ce, "Kawu, in tambaye ka? Kowa yana cewa yana jin Allah in ana waƙa. Ni ban taɓa jin komai ba. Ina ɗaga hannu ne don kada a dube ni. Ko Allah ya ƙi ni ne?" Yarinyar nan ita ke jinyar kakarta, ita ke ɗebo ruwa, ita ke karanta mata Zabura da dare. Mu muka sa mata wannan shakka, da bakinmu da kiɗanmu. Su nawa ne irinta da ba su tambaya ba? Wasu sun gaji da kwaikwayo sun daina zuwa. Wasu suna yawo daga wannan majami'a zuwa waccan suna neman inda wuta ta fi zafi, in ta huce su ƙara gaba.

Iyayena, ku gaya wa yaran nan daga mimbari cewa Yesu ya yi alkawari inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu, bai kuma ɗaura alkawarin a kan abin da jikinsu zai ji ba. Ku gaya musu akwai Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, an kuma bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ku gaya musu Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk miki, ƙafafunsu a turu. Ku koya musu Romawa 12:1, cewa miƙa jikinsu hadaya mai rai ita ce sujadarsu, wato mudun da ba a danne ba a kasuwa, da jarrabawar da ba a yi sata ba, da ruwan da aka ɗebo wa kaka.

Ku kuma dawo mana da abin da iyayenmu suke yi kafin Jibin Ubangiji. Mahaifina ya ba ni labarin yadda dattawa kan zaga gidaje a makon Jibi, in sun san biyu ba sa ga maciji sai a zaunar da su, ba mai miƙa hannu ga gurasa sai an shirya. Na san garin ya girma, majami'a mai mutum dubu ba kamar ta ƙauye ba ce, kuma ba wanda ke son a ce ya shiga sha'anin gidan wani. Amma da dattijo ɗaya ya kira ni da yayana a shekarar farko, da ba mu kai ta biyar ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na riga na yi magana da Baba Fastonmu, ya saurare ni da haƙuri, ya kuma yarda mu gwada abu biyu. Waƙa ɗaya kowace Lahadi za mu yi ta ba kibod ba ganga, iyayenmu mata su ba da ita, jama'a su ji muryar juna. Bayan wa'azi kuma zan sauke hannuna daga kan kibod, a yi shiru na minti biyar kafin addu'a. Lahadin farko mutane sun yi ta waige-waige suna zaton na'ura ce ta lalace, wani ma ya taso zai duba janareta. A ta uku ba wanda ya motsa. Ina roƙonku ku ba mawaƙanku da makaɗanku izinin yin haka a majami'unku, daga Gombe har Billiri da Kaltungo da Talasse, ko da na wata uku ne, sa'an nan ku tambayi tsofaffi da matasa abin da suka gani.

In na yi kuskure cikin maganata, ku gyara mini kamar yadda uba ke gyara wa ɗansa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ɗanku cikin Kristi,
Mai kaɗa kibod a wata majami'a, Gombe